Me Za Ka Saya Tun Kafin Sabis Ya Ɗauke?

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, mutane da yawa ga waya a hannu amma babu halin jin muryar 'yan'uwa. Turken sadarwa da janareto da batura yake aiki. Ruwa na datse hanya, motar dizal ba ta isa, sai ya mutu. Wani wurin kuma zaizayar ƙasa ce ke tsinka wayar faiba, wato kebul ɗin sadarwa da aka binne a ƙasa. Turken da ya tsira ma cunkoso ke kashe shi, domin gari guda na kira a lokaci ɗaya.

Layi na biyu shi ne abin da kowa ke fara tunani. Yana da araha, ka saya, amma kada ka saki jiki. A Najeriya kamfanoni irin su IHS ke da turaku da yawa, MTN da Airtel kan yi haya a kan ƙarfe ɗaya. In ya faɗi, tare suke tafiya.

Ni a ganina rediyo mai batir ko mai cajin rana ya fi komai cancantar kuɗinka. Ba ruwansa da turken unguwarku, kuma idan yana kama gajeren zango za ka ji labari daga nesa ko da tashar garinku ta nutse. Aibinsa ɗaya: kana ji, ba ka iya maida magana. Saboda haka ka haɗa shi da ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwanaki. Da ita ka riƙa tura saƙon tes, domin yakan ratsa cunkoson da kira ba ya iya ratsawa.

Fawa bank mai 20,000mAh zai cika babbar waya kamar sau uku. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa kafin ka biya, jabu ya cika kasuwa, kuma ka ajiye shi cikin leda a sama.

Starlink, sabis ɗin intanet da ya shigo Najeriya a 2023, da tauraron ɗan'adam yake magana, don haka faɗuwar turke ba ta taɓa shi. Sai dai yana da tsada, ga kuɗin wata, ga buƙatar wuta. Ya fi dacewa da asibiti, makaranta ko ƙungiyar unguwa mai sola, wadda za ta buɗe wa maƙwabta ranar da ruwa ya zo.