Kick It California: me mai shan taba ke samu daga harajin da yake biya?

Duk fakitin sigari da aka saya a Kalifoniya, dala 2.87 na kuɗinsa harajin jiha ne, ban da dala 1.01 na gwamnatin tarayya. Mai shan fakiti ɗaya kullum yana zuba wa jihar sama da dala 1,000 a shekara ta wannan hanya kaɗai. A cikin abubuwan da kuɗin ke ɗaukar nauyinsu, wanda ya fi komawa hannun mashayin kai tsaye shi ne Kick It California, layin wayar da ke taimaka wa mutane barin taba kyauta. Hukuncinmu a kansa: ya cancanci a kira shi, amma wanda ya dogara da shi kaɗai, ba tare da magani isasshe ba, zai sha wuya.

Asalin layin harajin ne. A 1988 masu zaɓe suka amince da ƙudurin doka mai suna Proposition 99, aka ƙara santi 25 a kan fakiti, aka ware santi 5 daga ciki don wayar da kai da hana shan taba. Daga nan masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego suka buɗe layin a 1992 da sunan California Smokers' Helpline, shi ne na farko a Amurka da ya game jiha guda. A 2021 aka sauya masa suna. Tsakanin nan an yi ta gwabzawa a akwatin zaɓe: ƙarin santi 50 ya wuce a 1998, na 2006 ya faɗi, na 2012 ma ya faɗi da ƙaramar rata, sai a 2016 Proposition 56 ta ƙara dala 2 cur, duk da kamfanonin taba sun kashe kimanin dala miliyan 70 wajen yaƙar ta.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. A kira 1-800-300-8086, ko kuma 1-800-784-8669, lambar ƙasa da ke haɗa mai kira da layin jihar da yake. Za a fara da tambayoyi: kara nawa ake sha a rana, minti nawa bayan farkawa ake kunna ta farko, an taɓa gwada bari ko a'a, akwai ciwon zuciya ko juna biyu, wace inshora ake da ita. A amsa da gaskiya. Mutane da yawa sukan rage adadi don kunya, mai shan kara 20 ya ce 8, sai a ba shi shawarar ƙaramin magani, ya koma taba cikin kwana uku yana cewa maganin banza ne.

Bayan haka sai zama na farko da mai ba da shawara, wanda ke ɗaukar kusan rabin awa. A nan ake tsayar da ranar bari, a lissafo lokutan da taba ta fi kiran mutum: bayan cin abinci, a mota, lokacin hutun aiki, wajen hira da abokai. Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin kiran da ke biyo baya. Su ne ke kiranka, kuma ba sa raba kiran daidai-daidai a wata. Suna tara shi a kwanakin farko, domin a makon farko ƙishirwar nikotin ta fi tsanani, a nan ne mafi yawan mutane ke zamewa. Ba a yi wa mutum wa'azi, ba a kuma kunyata wanda ya zame. A tambaye shi abin da ya faru a gyara shiri. Akwai kuma saƙon waya da hira ta intanet ga wanda ba ya son magana.

Shin yana aiki? Yana yi, amma daidai gwargwado. Binciken da masu layin suka wallafa a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a 2002 ya nuna bayan shekara guda kashi 9.1 cikin 100 na rukunin da aka ba shawara ba su koma taba ba, a rukunin da aka kwatanta su da shi kuwa kashi 6.9. Riba ce ta gaske idan aka duba dubban masu kira, amma tana nufin tara cikin goma sun koma. Shi ya sa magani ba abin wasa ba ne.

To a nan ne raunin layin yake. Wasu masu kira da suka cika sharuɗɗa ana aika musu filastar nikotin ta mako biyu kyauta. Mako biyu farawa ce kawai. Ga mai shan fiye da kara 10 a rana, cikakken tsari mako goma ne: ta miligiram 21 mako shida, ta 14 mako biyu, ta 7 mako biyu. Mai shan 10 ko ƙasa da haka ya fara da ta 14 mako shida, ya ƙare da ta 7 mako biyu. Wanda ya tsaya a mako na biyu don kyautar ta ƙare ya yanke magani a tsakiyar hanya. Mafita ita ce a je wajen likita tun kafin ranar bari a karɓi takardar magani, domin Medi-Cal, inshorar masu ƙaramin ƙarfi a jihar, tana biyan kuɗin magungunan barin taba idan da takarda. A nemi a haɗa filasta da cingam ko alewar tsotsa masu nikotin, haɗin ya fi ɗaya tilo aiki: filasta tana riƙe jiki yini guda, cingam kuma na kashe ƙishirwar da ke tasowa farat ɗaya.

Kurakuran da ake yi da su sanannu ne. Filasta ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, a dantse ko ƙirji ko baya, a danna daƙiƙa goma. Kullum a sauya wuri, kada a koma wuri ɗaya sai bayan mako, in ba haka ba fata ta yi ja tana ƙaiƙayi. Kada a yanka ta biyu don tattali. Idan tana kawo mafarkai masu tayar da hankali ko hana barci, a cire ta kafin kwanciya. Tsohuwar a ninke ta a jefar inda yaro ba zai kai hannu ba, saboda da sauran nikotin a jikinta.

Cingam kuwa ba a taunarsa kamar na shago. A tauna a hankali har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya lafa a sake taunawa, haka har rabin awa. Mai tauna shi da sauri yana haɗiye nikotin, ya samu shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya. Wanda ke kunna taba cikin minti 30 da farkawa na miligiram 4 ne nasa, sauran na 2. Kada a wuce 24 a rana, kuma kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin sa shi, musamman kofi da lemon kwalba, don tsami yana hana nikotin shiga ta baki. Ga namu 'yan goro da shayi mai kauri akwai ƙarin kula: hayaƙin taba yana sa hanta ta narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, da sauri, idan an daina sai kafeyin ya daɗe a jini. Bugun zuciya da rashin barcin da ake ɗora wa barin taba wani lokaci daga nan suke. A rage goro da kofi da rabi. Haka masu shan wasu magungunan tabin hankali, kamar clozapine da olanzapine, dole likita ya sani kafin su bari.

Rauni na biyu harshe ne. Masu ba da shawara suna magana da Turanci, Sifaniyanci, Mandarin, Kantonis, Koriyanci da Biyetnamanci. Babu Hausa, babu Faransanci, don haka ɗan Nijar da bai daɗe da zuwa ba zai iya buƙatar wani ya zauna kusa da shi ya fassara masa. Layin kuma ba dare da rana yake aiki ba, mai aikin dare da ƙishirwa ta kama shi ƙarfe uku sai dai ya riƙe cingam.

Kan muhawarar harajin kanta, kowane ɓangare na da abin riƙewa. Masu goyon baya suna da hujjar da ta tabbata: ƙarin farashi da kashi 10 yana rage shan taba da kimanin kashi 4 a ƙasashe masu arziki, ya fi kuma tasiri ga matasa da talakawa. Masu adawa suna cewa nauyin yana kan talaka ne, kuma gaskiya ne ga wanda bai iya bari ba. Suna kuma nuna fasa-ƙwauri: New York na karɓar dala 5.35 a fakiti, Virginia santi 60, Missouri santi 17, ratar da ta isa ta cika bayan mota da kwalaye. Inda muke ganin jihohi ba su da bakin magana shi ne rabon kuɗin. Abin da suke kashewa a kan hana shan taba da taimakon masu bari bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da suke samu daga haraji da kuɗin yarjejeniyar da suka ƙulla da kamfanonin taba a 1998 ba. A Kalifoniya ma kaso mafi tsoka na Proposition 56 Medi-Cal yake tafiya, kashi 13 ne na shirye-shiryen hana shan taba. Jihar da ke karɓar dala 1,000 a shekara daga mutum ɗaya ba ta da uzurin tsayawa a filastar mako biyu.

Wanda filasta da cingam suka gaza masa ya tambayi likita varenicline. Ƙwaya ce da ake farawa mako guda kafin ranar bari, a sha ta mako 12, bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa don rage tashin zuciya. A gaya wa mai ba da shawara ranar da aka fara ta, ya daidaita kiransa da ita.