MATLAB, Octave ko Python: wanne ɗalibi zai ɗora don aikin sigina?

Duk ɗalibin injiniyan lantarki da ya shiga kwas ɗin sigina, abin da zai fara tararwa shi ne x(t − 2), x(−t) da x(2t). A nan x ita ce siginar, kamar sauti, t kuwa lokaci ne. Na farko jinkirtawa ce, siginar ta matsa dama da daƙiƙa 2. Na biyu juya ta baya ne, na uku kuma matse ta, ta ƙare cikin rabin lokacinta. Sai an ce zana x(2t − 4) ido ke raina fata: in ka fara da matsawa, da 4 za ka matsa sannan ka matse, in ka fara da matsewa, matsawar 2 ce kawai. Wannan ba ya zama a kai sai mutum ya zana shi a kwamfuta ya gani, shi ya sa zaɓen manhaja ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai GNU Octave nake ba kowa shawara. Kyauta ce, ba kuɗin lasisi, kuma tun 1994 da John W. Eaton ya fitar da sigarta ta 1.0 ake gyara ta. Rubutunta kusan iri ɗaya ne da na MATLAB, manhajar lissafin injiniyoyi ta kuɗi, don haka yawancin aikin da malami ya bayar za ta karɓa ba gardama. Da zarar ka sauke ta, ba ruwanka da intanet. Gwada wannan: naɗi muryarka, ka shigo da ita cikin Octave da umarnin audioread, ka juya ta da umarnin flipud, ka saurari x(−t) da kunnenka. In an naɗe ta a kan samfur 44100 a daƙiƙa, wato adadin ɗigon sautin da ake ɗauka, kunna ta a kan 88200. Za ta ƙare da wuri, muryar ta sirance, wato x(2t) ke nan. Sa sifili 22050 a gabanta, ka jinkirta ta da rabin daƙiƙa. Rage ƙarfin wannan da rabi, ka daidaita tsawonsu, ka haɗa da ta asali, sai ga amsa-kuwwa. Darasin mako guda ya zauna a zama ɗaya. Inda Octave ta gaza shi ne ba ta da Simulink, wato ɓangaren MATLAB na zana tsari da akwatuna, amma wannan kwas ɗin ba ya buƙatarsa.

MATLAB ta kamfanin MathWorks ta fi ta kayan aiki, sai dai lasisinta da dala ake biya. Tambayi sashenku ko makaranta ta saya wa ɗalibai. Python da NumPy, wato kayan lissafinta, na da kyau ga mai son zama gwanin shirya manhaja, amma tana fara ƙirga daga 0, Octave da MATLAB daga 1, kuma wannan kan rikita sabon shiga. Scilab, wata manhajar lissafi ta kyauta, rubutunta ya bambanta, Audacity kuwa ta gyaran sauti ce, ba ta koya maka lissafin.

Abin da ya fi damuna shi ne MATLAB ɗin sata da masu ɗora manhaja ke sayarwa a shagunan bakin makaranta. Wani ya taɓa ɗora min da rantsuwar ta asali ce. Filashinsa ya zuba wa kwamfutata bairos, fayilolin aikina suka ɓace ana dab da miƙawa. Alamominsu ba sa ɓuya. Zai ce ka kashe manhajar tsaro kafin ya fara, ya ce kada ka buɗe MATLAB ɗin kana kan intanet, wani ma har ya mayar da kwanan watan kwamfutarka baya. Lasisin gaskiya da adireshin imel ɗinka ake yin rajistarsa a shafin MathWorks. In ba a nemi wannan ba, ba naka ba ne. Akwai ma masu karɓar kuɗin ɗalibai su ɗora musu Octave ɗin da kowa ke samu kyauta. Sauke ta da kanka daga octave.org, kuma kada ka bari filashin kowa ya shiga kwamfutar da aikinka ke ciki.