Na'urar tayar da batir: ta yi nata, mutane suka ƙarasa

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, ana caza ta da wayar USB kamar wayar salula, kuma an yi ta ne don motoci masu batir na volt 12. Wayoyi biyu gare ta masu bakin kama kan batir: ja a kan alamar +, baƙi a kan −, sai ka murza makulli. A gida na gwada ta, mota ta tashi nan take, na jefa ta a but.

Ranar da ta fuskanci jarrabawar gaske, dare ya yi mana a doguwar tafiya, nesa da gari. Fitilar batir ta kama a gaban sitiyari, fitilun gaba suka dusashe, mota ta mutu. Na'urar ta tayar da ita, ba musu. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa, ga allurar zafi ta haura.

Wani direban tirela ne ya tsaya, dattijo. Na roƙe shi ya ba ni wuta daga motarsa, ya ce, "Ɗana, tawa volt 24 ce, sai dai in ƙona maka wayoyi." Ya haska injin da tocilan ɗin jikin na'urar, ya zaro guntun fanbel da ya tsinke. Fanbel ɗin ne ke juya injin da ke caza batir, a motata har da famfon ruwa. Da na kai hannu kan murfin lagireto, yaron motarsa ya buge min hannu, don ruwan na tafasa. Wani mai babur da ba mu ma tsayar ba ya tafi ƙauye, ya dawo da bakanike da bel a rataye a wuya. Dattijon bai tafi ba sai da ya ji inji na aiki, kuma ya ƙi karɓar ko sisi, har da ɗaure fuska.

Aibin na'urar: wayoyin gajeru ne ƙwarai, bakin kuma ba ya kama kan batir mai tsatsa sai an kankare. Takardar bayanin ba ta ce uffan kan fitilar batir ba, alhali in ta kama ana cikin tafiya, galibi matsalar caji ce. Duk da haka ku saya, ku riƙa duba cajinta kafin tafiya, ku haɗa da fanbel na safaya.