Akwatin robar nan na kiwon sarauniyar zuma, ga abin da na gani

Masu tambayata a WhatsApp kan ɗan akwatin nan mai ƙoƙuna 110 da aka kawo min daga Kano, to ga amsa. Kaya ne mai kyau amma ba na kowa ba ne. In amyar kara gareka rataye a gawo kamar yadda mutanenmu na Magarya da Matamai ke yi, riƙe kuɗinka Malam, babu ma inda za ka maƙala shi. Sai mai amyar katako da ake zaro saƙa a mayar.

Aikinsa dai ka kulle sarauniya ciki kwana ɗaya ta zuba ƙwai a ƙoƙunan, ka sake ta, kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai ka cire ƙoƙon da tsutsar a ciki ka kai ma gidan da ba shi da uwa. Ba ruwanka da tsinken ɗaukar tsutsa, wanda in hannunka na rawa ko ido ya fara rauni wallahi sai ka kashe rabi. Abin da ya fi burge ni shi ne ka san shekarun tsutsar, wato kwananta. Ƙwan ma'aikaciya da na sarauniya iri ɗaya ne, abinci ne ke raba su, wadda aka cika ma farar madarar nan da ƙudan zuman ke ciyar da tsutsa da ita tun tana yini ɗaya ita ke fitowa ƙatuwa mai yawan ƙwai, wadda ta kai kwana 3 kuma sai a hankali.

Amma fa ƙudan nan suna da nasu zaɓi. Duk ƙoƙunan da ka jera sai sun bi sun duba, su ɗora kaki a kan wanda ya yi musu, sauran su kwashe tas, kuma in gidan ba ƙarfi ko ba fure a daji ko kallo ba za su yi ba. Warin sabuwar roba ma ba sa so, bar shi cikin amya 'yan kwanaki tukuna.

Littafi ya ce kwana 16 daga ranar da aka zuba ƙwan sabuwar sarauniya ke fitowa, namu na Afirka kan riga da kwana ɗaya ko biyu, don haka da wuri ka sa ɗan kejin da ake rufe kowane ƙoƙo da shi, ta farko in ta fito sai ta bi sauran ta harbe su tun suna cikin ɗaki. Robar kuma ba ta jure ranar Damagaram, in ka manta ta a kan babur lanƙwashewa take, murfin ya daina rufuwa.