Hattara da Masu Tallan Tangaran ɗin Daular Ming da Sunan Gadon Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Guangzhou da masu sayayya ta intanet. Akwai wata damfara da ke yawo, ina roƙon duk wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi.

Ga yadda take. Za a turo maka hoton ƙaramin faranti ko kwanon tangaran mai zanen ja da kore, gefensa ga tsohon akwatin katako mai rubutun Japananci a murfi. A ce maka na zamanin daular Ming ta ƙasar Sin ne, daga gidan wani dattijo malamin al'adar shan shayi a birnin Kyoto na Japan ya fito, magada ne suka matsu. Ka ba da kafin alƙalami yau, in ya iso ka kai shi gwanjo a Hong Kong ka ninka kuɗinka. Don a ƙara kwaɗaita ka, sai a kawo labarin kofin nan mai zanen kaji na zamanin sarki Chenghua, wanda aka sayar a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a 2014 kan kusan dala miliyan 36. Wancan cinikin an yi shi da gaske. Abin da ke cikin hoton da aka turo maka shi ne jabu.

Ƙaryar tana shiga ne saboda an jingina ta da tarihi na gaskiya. A ƙarshen zamanin sarki Wanli, wanda ya rasu a 1620, odar fada ta tsaya wa maginan Jingdezhen, garin ƙera tangaran a ƙasar Sin, sai suka juya neman kasuwa a waje. Masu al'adar shan shayi a Japan suka zama manyan masu sayensu, musamman a zamanin Tianqi, 1621 zuwa 1627, da na Chongzhen da ya biyo baya har 1644. Ana gasa tangaran ɗin da ƙyallinsa, a zana launi a kai, a sake mayar da shi wuta maras ƙarfi don launin ya kama. Japanawa na kiran irin wannan da sunan ko-akae. Akwai kinrande mai ruwan zinariya, na zamanin Jiajing, akwai kuma gosu akae na yankin Zhangzhou a lardin Fujian, mai zanen gaggawa da yashi manne a gindinsa.

To, a nan gizo ke saƙar. Malaman shayin Japan ba santsi da daidaito suke nema ba. Kwano ya ɗan karkace, zane ya fito kamar an yi shi a tsaye, ƙyalli ya ɓanɓare a leɓen faranti: wannan ɓanɓarewar har suna gare ta, mushikui, wato cin ƙwaro, kuma abin so ce a wurinsu. Ni kaina ina ganin kyan wannan ɗabi'a, ta mutum ya ƙaunaci abu tare da aibinsa. Amma ita ce ta buɗe wa macuta ƙofa, domin ƙirƙirar aibi ya fi ƙirƙirar ƙwarewa sauƙi. Sabon faranti ake ɗauka a shafa masa asid ya dushe, a jiƙa shi cikin shayi mai kauri ya yi duhu, a ƙwanƙwashe leɓensa kaɗan-kaɗan, a manna yashi a gindi. Duk abin da ka tambaya, amsar ɗaya ce: ai haka Japanawa ke son sa. A Jingdezhen har gobe ana ƙera kwaikwayon tsoffin kaya, kuma masu ƙerawa da yawa suna sayarwa a matsayin sabo. Dillali ne ke ɗora masa shekara ɗari huɗu a hanya.

Kada akwatin ya ruɗe ka. Gaskiya ne a Japan ana adana kayan shayi cikin akwatin itacen kiri, wani malami ya rubuta shaidarsa a murfi, kuma wannan rubutu na ƙara daraja. Sai dai ana sayar da tsoffin akwatuna babu komai a ciki, kowa na iya saka abin da ya ga dama. Har sabon kaya ake turawa Japan, a bi da shi ta ƙaramin gwanjo don a sami rasit, ya fito da sunan tsohon gado. Ko da kayan ya tsufa da gaske, ba lallai na Sin ba ne: maginan Kyoto irin su Okuda Eisen da Eiraku Hozen sun kwaikwayi waɗannan salo tun ƙarni na 18 da na 19.

In kuwa daga ƙasar Sin za a turo maka, magana ta ƙare. Tun 2007 dokarsu ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911. Ko dai jabu ne, ko kuma fasa-ƙwauri ake son jefa ka ciki. Takardar gwajin shekaru ma ba hujja ba ce ita kaɗai, don ana buga ta bogi, ana kuma haɗa tsohon gindi da sabon jiki, a ɗebi samfurin gwaji daga gindin.

Damfarar tana da fuska ta biyu, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Bayan ka saya, ko ka sa hoton tsohon tangaran ɗin kakarka, sai wani ya kira ka da sunan kamfanin gwanjo, ya ce kayanka na miliyoyi ne, amma sai ka biya kuɗin tantancewa da na buga hoto a kundi. Ka biya, a ce bai sayu ba, ko lambar ta daina shiga.

Manyan gidajen gwanjo kamar Christie's da Sotheby's da Bonhams suna duba hoto su ba da ƙiyasin farko kyauta ta shafukansu. Ka tura musu kafin ka fitar da ko sisi, ka kuma shiga shafin da hannunka, ba ta mahaɗin da dillali ya turo ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take, ya adana hirarrakin da lambar asusun da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC in a Najeriya yake. In kuma wani ya kira yana cewa zai ƙwato maka kuɗin idan ka biya wani abu, kada ka tura, su ne dai suka dawo.