Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a unguwarmu: abin da rani biyu suka nuna

Rani biyu ke nan muna shan ruwan rijiyar burtsatsen da wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana a unguwarmu da ke gefen Marwa, a arewacin Kamaru, da kuɗin da ƙasashen waje ke bayarwa domin jama'a su jure wa sauyin yanayi, kuma ya dace wanda ya sha ruwan ya faɗi yadda ya same shi.

A nan damina ba ta cika wuce watanni huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Da zarar kogin Mayo Kaliyawo ya ƙafe, sai mata da yara su koma tonon yashinsa, a cikin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Yanzu allunan sola ne ke tayar da injin, injin ya tura ruwa cikin shato, wato tankin ruwa na sama, shaton ya raba wa famfuna huɗu. Ruwan garau yake, babu kuɗin mai, kuma lokacin da rana ta fi ƙuna, wato lokacin da ƙishirwa ta fi tsanani, shi ne lokacin da injin ya fi ƙarfi. Da rarar da ke malala mata suka kafa ɗan lambun yakuwa da albasa. Wannan alheri ne, muna kuma godiya.

Sai dai shaton ya yi ƙanƙanta, kafin la'asar ya ƙare, sannan idan hazo ya sauko ƙura ta rufe allunan, ruwan yakan ragu sosai. Ba a kuma gina kwamin shayar da dabbobi ba. Duk wanda ya tuna rikicin Logon-Birni na 2021, inda saɓani kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum ya kori dubban mutane zuwa Chadi, ya san wannan ba ƙaramin sakaci ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara. Bara injin ya tsaya, muka yi mako uku muna komawa yashi, domin wa'adin aikin ya ƙare, lambar wayar da ke jikin allon sanarwa ba ta shiga, kuma sefa 25 da kwamitin ruwa ke karɓa kan kowace jarka ba ta kai kuɗin mai gyaran da muka ɗauko daga Garwa ba. Tun a taron sauyin yanayi na Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tallafa wa ƙasashe masu tasowa da dalar Amurka biliyan 100 a kowace shekara. A cikin abin da ya iso gare mu ba a ware ko sisi domin koya wa ɗan unguwa guda gyaran injin ba.

Ina shawartar masu unguwannin da za a kawo wa irin wannan rijiya su karɓa hannu bibbiyu, amma kafin a fara haƙa su nemi a rubuta wanda zai yi gyara da inda za a samo kayansa. Mu dai karo-karo muka yi, muka tura samari biyu koyo.