Komoot: manhajar da ke bambanta gajiya da haɗari a kan turba

Duk wanda ya saba tattaki a tsaunuka ko tuƙa keke a daji ya san kalmar "wahala" kaɗai ba ta isa ta siffanta hanya. Akwai turbar da za ta ƙarar wa mutum da numfashi saboda tsawonta, alhali ko yaro zai bi ta lafiya lau, akwai kuma wadda ba ta kai kilomita biyu ba amma kuskuren taku ɗaya a cikinta kan kai mutum gadon asibiti. Dalilin da ya sa hankalina ya kwanta da Komoot, manhajar tsara hanya ga masu tattaki da masu keke, ke nan, domin tana ƙoƙarin raba waɗannan abubuwa biyu.

An kafa ta a Jamus a 2010, kuma kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta a 2025. Kowace tafiya tana zuwa da launinta: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙi mai tsanani. Sai dai ba a launin amfaninta yake ba, yana cikin bayanin da ke biye, inda take faɗin irin ƙarfin jikin da ake buƙata daban, da irin ƙwarewar da ake buƙata daban. Tana kuma nuna yawan mitocin da za a hau da waɗanda za a gangara, da inda hawan ya fi tsayi, da ko ƙasar kwalta ce, tsakuwa ce ko turɓaya.

Ga masu tafiya da ƙafa, tana amfani da ma'aunin ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Suwizalan, daga T1, wato shararriyar hanya, zuwa T6, inda sai an kama dutse da hannu a wuraren da ba alama ba makari. Ga masu keke kuwa akwai ma'aunin S0 zuwa S5, wanda ya fi burge ni saboda abin da taya za ta taka yake aunawa. A S1 ƙananan saiwoyi da duwatsu ne, a S2 saiwoyin sun yi kauri kuma an fara samun matakala da ƙasa mai zamewa, daga S4 kuwa sai wanda ya iya ɗaga tayar baya ya juya ta a kwana mai matsi.

Wannan ma'auni yana ɗauka cewa ƙasa a bushe take, abin da na sani sarai amma na yi biris da shi wata safiya bayan an kwana ana ruwa. Na shiga wata gangara mai lambar S2 da na sha bi, tayar gaba ta hau wata jiƙaƙƙiyar saiwa a karkace, na danne birki, kafin in ankara ina zaune cikin taɓo, keken yana can gefe tayarsa na juyawa. Laifina ne, domin lambar ba ta taɓa yi mini alkawarin komai game da ruwan sama ba.

A wajen auna kyawun hanya ne nake ganin da sauran aiki. Masu amfani da manhajar su ne ke sa alama a wuraren da suka burge su, su ɗora hotuna, wasu kuma su nuna amincewa ko akasin haka. Na fi son wannan da taurari biyar irin na AllTrails, wata manhajar irinta, domin yana nuna takamaiman wurin da ya cancanci a tsaya. Amma ra'ayin taro ne, kuma taro ya fi yabon inda taro ke zuwa, don haka turba mai shiru da kyau kan zauna babu ko hoto ɗaya.

Taswirarta ta dogara ne da OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke cikawa, shi ya sa lambobin T da S suka wadata a tsaunukan Alps na Turai amma suka yi ƙaranci a yankunan da masu cikawar ba su da yawa. Hanyar da ba ta da lamba ba a auna ta ba ne kawai, kada a ɗauka sauƙi gare ta. Sauke taswirori da yawa don amfani inda babu intanet yana buƙatar biyan kuɗi, kuma ga mai shiga kwazazzabon da waya ba ta kamawa, ina ganin kuɗin bai faɗi a banza ba.